Motar Da Na Saya Wa Karen Da Bai Zo Ba

Nafisa da Sadiq, tun ranar da kuka fara zancen a sayar da doguwar motar nan da ke tsaye a gefen gida na ce lallai sai na zauna na rubuta muku yadda ta shigo hannuna, don labarin da kuke ba mutane ba haka yake ba. Ke Nafisa kina cewa wai saboda buhunan shinkafa da jarkokin manja na saye ta. Kai kuma Sadiq, da kunnena na ji kana gaya wa matarka cewa babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya nemi motar bayan an kawo masa karensa. Ban ga laifinku ba, a shekarar ba kwa gida, ɗaya na makaranta, ɗaya na wani gari wurin aiki, abin da kuke ji a waya kuwa bai wuce "lafiya lau" ba. Amma ni na fara neman motar nan, kuma lokacin da na fara babu kare, babu alkawarin kare, wanda ake so a ba karen ma ya rantse ba zai karɓa ba.

A shekarar ce ciwon suga ya ƙarasa idon babanku. Ku kun san shi Injiniya ne mai kula da wutar manyan gine-ginen nan na kwamfuta da suka cika garinmu Sterling a nan Amurka, amma mutanenmu na nan ba da wannan suka san shi ba, da mota suka san shi. Duk ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ya sauka ƙasar nan ya tara abin sayen tsohuwar mota, ƙofarmu yake fara bugawa. Asabar ɗinsa ba tawa ba ce tun muna Zariya. Da sassafe zai sa tsohuwar rigarsa ya fice, sai la'asar ya dawo hannu duk baƙin mai, yana ba ni labarin yadda ya hana wani bawan Allah sayen wahala. To wannan mutumin ne ya shiga ƙaramin ɗakin nan na ƙasa ya turo ƙofa. Ya daina zuwa Juma'a, ya daina ɗaukar waya, in abokansa suka zo sai ya ce in ce yana barci. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a kicin inda ba zai ji ba. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Hajiya, ba zan fita a riƙe min hannu ana ce min Allah sarki ba."

Akwai wata mata da ofishin kula da makafi ke turowa tana koya masa tafiya da farar sanda. Ya koya, kuma da sauri, don kun san kan babanku. Cikin gida babu lungun da bai sani ba, amma da zarar sandar ta taɓa bakin ƙofar waje sai ya juya. Ita ce ta ja ni gefe wata rana ta ce akwai karnuka da ake horarwa su yi wa makaho jagora, manya ne, masu natsuwa, sai dai ba a ba mutum sai an ga yana fita waje da sandarsa. Na kai masa maganar tare da shayinsa.

"Kare? Ni?" in ji shi. "Idona ne ya tafi, Hajiya, ba hankalina ba."

A makon ne likita ya duba ƙafafunsa da suka fara kumbura, ya faɗa mini ƙarara cewa in mutumin nan bai tashi ya riƙa tafiya ba, abin da ya ci idon ba zai tsaya a ido ba. Tsoro ya kama ni sosai. Na tabbata in ban fitar da shi daga ɗakin nan da ƙafarsa ba, za a fitar da shi a kwance. Na je na sami liman na tambaye shi hukuncin kare, ya ce wanda aka ajiye don buƙata irin wannan babu laifi, mu dai kula da wurin sallarmu da tufafinmu. A hanyar dawowa na dubi 'yar motarmu, na ce to a ina zai zauna? A kan kujerar da muke zama da kayan masallaci, yana zubar da gashi da yawu? Ashe kafin kare sai an nemi motar da kare zai sami ɗakinsa daban a baya, da shinge tsakaninmu da shi. Irin motar da muke kira wagon a gida, wadda ake lodin fasinja da ita daga Zariya zuwa Kano. Nan take na ji wani irin daɗi ya taso mini wanda na daɗe ban ji ba. Wata da watanni ina zaune ina kallon rufaffiyar ƙofa, yau ga abin da zan iya yi da hannuna. Ni da ban taɓa sayen abin da ya fi firij girma ba, ina dab da shekara sittin, na ce mota zan saya.

Na fara kai shawarar wurin Alhaji Sani, aminin babanku, wanda ke ɗaukar fasinja daga filin jirgi. A ƙuruciyarsa ya yi direban wagon a gida, don haka da ya ji sai ya gyara hula ya ce aiki ya zo hannun masu shi. Kafin mako ya zagayo ya samo wata a wurin wani dila a Fort Washington. Sai kuma Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu ta gidan da ke kallon namu, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, wadda kuka taso kuna tsoron karnukanta biyu, Duna da Baruwana. Shekaru muna musayar abincin Sallah da na Kirsimeti, amma ban taɓa wuce bakin shingenta ba saboda su. Da na gaya mata, sai ta tafa hannu ta rungume ni.

"Hajiya, kada ki biya ko sisi sai kare ya shiga ya gwada. Takalmi ma ai sai an sa ƙafa. Zan zo miki da Duna."

Haka aka yi. Na shiga gaban ƙatuwar bas ɗinta, wadda ni ba zan iya tuƙa irinta ba ko da kyauta aka ba ni, Duna yana baya yana huci a kan shingen wayar da ya raba mu. Baƙi ne wuluk, kuma in ya tsaya kansa na kai mini ƙugu. Tun daga Sterling har muka haye gadar Potomac ban juya wuya ba, ina ta addu'a a zuci, Rifkatu na ta yi min dariya. Amma duk da tsoron, zuciyata rawa take yi kamar ta yarinyar da za a kai kasuwa sayen kayan Sallah.

Motar kuwa kyakkyawa ce, ba zan ɓoye ba. Ja ce, tana sheƙi, da rufin gilas a sama, bayanta ya gangaro a hankali kamar an shafe shi da hannu. Alhaji Sani ya ɗaga ƙofar baya, ya kwantar da kujeru, ya buɗe hannuwa yana aunawa, fuskarsa cike da murna.

"Hajiya, kin ga tsawo? Wallahi raguna uku za su kwanta a nan ba tare da sun taɓa juna ba. In buhu ne kuwa, ba a magana. Kare guda nawa yake?"

Rifkatu ta je ta fito da Duna. Alhaji Sani ya tattare babbar rigarsa ya koma can bayan wata mota yana leƙe. Bakin but ɗin ya yi tudu, Duna ya ɗora ƙafafun gaba ya tsaya yana kallon uwar ɗakinsa, sai da ta tallafe shi ta baya ya hau. Da ya shiga ya so ya miƙe, kansa ya bugi rufi. Ya so ya juya, wurin da rufin ya gangaro ya tare shi. Sai ya tsaya a duƙe, wuya a karkace, yana kallonmu kamar mun yi masa laifi. Da Rifkatu ta sauko da ƙofar a hankali don mu gani, gilashin saura kaɗan ya matse masa hanci.

"Alhaji," in ji ta, "rago ɗaure shi kuke yi ku kwantar, ba a tambayarsa. Kare sai ya miƙe tsaye, ya zagaya, sannan ya kwanta da kansa. Tsawo kuka auna, shi kuwa sama yake nema."

Alhaji Sani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai a duk shekarunsa na tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinjan da ke zagayawa kafin ya zauna ba. Muka bar jar motar a nan.

Da yamma muna falo ni da Rifkatu muna maimaita labarin, muna dariya, ina cewa amma dai injinta lafiya lau, don muna isa dilan ya murɗa makulli ta tashi nan take. Sai na ji ƙofar ƙaramin ɗaki ta buɗe. Babanku ya tsaya a bakinta, singileti a jikinsa, fuska a murtuke.

"Kun taɓa bonet ɗin kafin ya tayar da ita?"

Na ce a'a.

"To da ɗumi kuka same ta. Ya riga ya tayar da ita kafin ku zo, duk wata cuta ta ɓuya. Tsohuwar mota da safe ake zuwa mata, tana sanyi. Sani ya san wannan, tsufa ne ya fara kama shi." Ya juya zai koma, sai ya tsaya. "Kuma me za ki yi da wagon?"

"Kare zan sa," na ce.

"Wane karen?"

"Wanda zai zo."

Ya ja tsaki ya rufe ƙofa. Rifkatu ta dube ni, na dube ta. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka tun kafin azumi. A ranar na gane abin da ban tsara ba tun farko: babanku zai iya jure kukana, zai iya jure wa'azin liman, amma ba zai iya jin ana shirme a kan mota ya yi shiru ba. Daga ranar kuwa na riƙa yin shirmena da babbar murya.

Duk motar da na je na gani, in na dawo sai in zauna kusa da ƙofarsa in kira Rifkatu a waya in yi ta yabon motar. Ba a daɗewa za a ji shi daga ciki. Ta haka na sami karatun da mutane ke zuwa nema wurinsa shekara da shekaru, ni da ke gida ɗaya da shi ban taɓa saurara ba. Ya ce in durƙusa in leƙa ƙarƙashinta, don gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe ta ƙasa alhali fenti na sheƙi a sama. Ya ce in ɗaga kafet ɗin but in sa hanci, in na ji warin rima to ruwa ya taɓa shiga, in gudu. In kuma na ji turare ya yi yawa, in ƙara gudu. Ya ce in zaro sandar baƙin mai in duba, in danna kowane kusurwa na motar da ƙarfina in sake, in ta yi ta lilo to ƙafafunta sun gaji. Kada in tsorata da yawan tafiyar da ta yi in dai mai ita yana canja mata mai a kan lokaci, kuma in dubi gidan mai motar, don wanda bai share ƙofar gidansa ba bai kula da injinsa ba. Rifkatu kuma ta ƙara nata: bakin but ya zama ƙasa-ƙasa don kare na tsufa kamar mutum, wata rana tsalle zai gagare shi, bayan ya zama a miƙe ba mai gangara ba, sanyin esi ya riƙa kaiwa har can baya, rufin gilas kuwa in manta da shi, da rani tanda ne.

Wata rana ina jera masa waɗannan na Rifkatu, sai ya ce, "Ki duba ko akwai wurin ɗaura shingen a jikin motar. In aka taka birki da ƙarfi, dabba mai nauyin nan za ta taho gaba." Bai ce kare ba, dabba ya ce, amma ni na ji. A lokacin ya riga ya bar ɗaki, a falo yake jirana in dawo, wai rediyonsa ya fi kamawa a nan.

Na ga motoci har na fara mafarkinsu. Na koyi hawa babban titin Beltway ni kaɗai, manyan motoci na wuce ni ina riƙe da sitiyari da hannu bibbiyu. Na durƙusa da atamfata a filayen dilaloli daga Virginia har Maryland, samarin wurin na kallona suna mamakin wannan tsohuwa da ke sansanar kafet. Ban taɓa jin kunya ba, daɗi nake ji. Ana nan sai ga wata motar a Silver Spring, a hannun wata tsohuwar Baturiya da za ta koma gidan haya na sama inda ba ta buƙatar mota. Launin toka ce, bayanta a miƙe kamar akwati, babu wani kyau a jikinta. Ƙofar gidan matar a share tas. Na leƙa ƙasa, na sa hanci, na danna kusurwa, komai ya yi. Sai dai da ta tayar da ita na ji wani ɗan ƙara siriri da ban gane ba. Na kira babanku na kara wayar a jikin injin.

"Ba na jin komai sai iska," in ji shi. "Waya ƙarya take yi. Ƙarar daga gaba take ko daga gefe? Tana ƙaruwa in an taka mai?"

"Ban sani ba, Alhaji. Ni dai ta yi mini, gobe zan biya."

"Kada ki kuskura!"

"To sai dai ka zo ka ji da kunnenka."

Ya kashe wayar. Na roƙi matar kada ta tayar da motar washegari sai mun zo, ban ma san ko da wa zan zo ba. Da na dawo gida ban tayar da maganar ba, na ba shi tuwonsa na koma kicin.

Da safe na sauko na tarar da shi a tsaye a falo. Ya sa tsohuwar rigar nan tasa ta Asabar, da kansa ya lalubo ta, ya sa hula, sanda a hannu. Na miƙa hannu zan kama shi, ya ce in matsa. Ya buɗe ƙofa, sandar ta taɓa bakin ƙofar, ta wuce, ta sami matakala ta farko. Wani jirgi ya taso daga filin jirgi ya bi ta kanmu, ya ɗaga kai yana saurare, iskar kaka mai sanyi na kaɗa masa riga. Ni kuwa ina bayansa na toshe bakina da gyale don kada in yi guɗa in ɓata komai. Rifkatu na tsallaken titi tana sa Duna a bas, da ta gan shi sai ta ɗaga hannuwa sama.

A Silver Spring babanku ya koma mutumin da na aura. Ya gaisa da matar, ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ce madalla, da sanyinta. Ya zagaya motar yana shafa ta, yatsunsa na bin tsakanin ƙofa da ƙofa, har ya gaya wa matar cewa an taɓa gyara ƙofar baya ta hagu. Ta buɗe baki ta ce ƙwarai, jikanta ne ya goge ta da ginshiƙi. Ya durƙusa ya sa hannu a ƙasa, ya murza baƙin mai tsakanin yatsu ya sansana. Sannan ya ce in tayar. Ya sunkuya, ya karkata kai, ya ce in taka mai, in saki, in sake takawa. Sai na ga murmushi.

"Bel ɗin injin ne kawai ya saki. Wannan ba cuta ba ce, mura ce. Injin nan zai binne ni."

Na ce ya daina irin wannan maganar. Ya yi dariya, ya juya wajen matar ya fara ciniki irin na gida, yana lissafa mata bel da ƙofa kamar manyan laifuffuka. Da ya faɗi tayinsa sai wurin ya yi shiru.

"Me ta ce?"

"Kai ta girgiza."

"Albarka ta ce ke nan. Bari in ƙara mata."

Kafin su daidaita ya ce a buɗe masa baya. Ya shafa bakin but ɗin, ya gwada shi da gwiwarsa, sannan ya ba ni sandar, ya hau ciki da rarrafe yana taɓa rufi da bango, yana neman wurin ɗaura shinge. A daidai lokacin Rifkatu ta iso da Duna. Shi kuwa Duna, da ya ga but a buɗe ga baki ƙasa-ƙasa, bai jira umarnin kowa ba, ya fizge igiya ya yi tsalle ɗaya ya faɗa ciki. Na ce innalillahi. Rifkatu ta daskare. Ga babanku a zaune a cikin but, ga ƙaton baƙin kare a tsaye a gabansa, numfashinsa na dukan fuskarsa. Na jira ihu, na jira ya ce a mayar da shi gida, na ce shi ke nan, duk abin da na gina ya rushe.

Duna ya zagaya abinsa hankali kwance, jelarsa ta shafi kafaɗar babanku, ya sake tsayawa. Babanku ya ɗaga hannu a hankali. Ya sami bayan karen, ya bi shi har wuya, har kai. Daga kan sai ya miƙa yatsunsa sama zuwa rufi yana auna abin da ya rage.

"Akwai sauran taƙi guda," in ji shi. Ya mayar da hannun kan Duna. "Sista, namu zai kai wannan girma?"

Rifkatu ta ce ba zai kai ba. Ni kuwa na zauna a kan matakalar gidan Baturiyar nan na yi kuka sosai, ita kuma ta shiga ta kawo mini ruwa tana tambaya ko farashin ne ya yi yawa.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya ci mini, don kada ku ɗauka daɗi ne zalla. Karen babanku bai zo ba sai bayan sanyi ya wuce, bayan ya yi ta zagaya unguwa da sanda kullum, ya kuma je makarantar horar da karnukan ya zauna an haɗa su. Da ya zo, wasu daga cikin matan da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya suka janye. Wata ta fara zuwa da dardumarta a jaka, daga baya ta daina zuwa gaba ɗaya. Na aika wa wata da dambu ranar suna, aka gaya mini ba ta bari an buɗe ba. Ya yi mini ciwo, har yau in na tuna yana yi mini. Ranar Juma'a kuwa, karen ya kai babanku har ƙofar masallaci, Alhaji Sani ya karɓe shi, ni in koma da karen wurin mota a ƙarƙashin bishiya, in ɗaga ƙofar baya mu zauna, ina jin huɗuba daga nesa. Shekaru na yi ban shiga sahun mata ranar Juma'a ba. Masu wucewa wasu su gaishe ni, wasu su kau da kai. Ban taɓa gaya wa babanku su waye suka kau da kai ba, shi kuma bai gani ba. In da za a mayar da ni baya, zan sake zama a bakin but ɗin nan ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Motar taku ce yanzu, in kun ga dama ku sayar, ba zan yi fushi ba. Bel ɗinta ma ya sake saki. Amma kafin ku kira dila, ga ranar da muka ɗauko ta bayan an gama takardu. Rifkatu ta sauke mu a Silver Spring ta wuce aiki, na zauna a bayan sitiyari, babanku na gefena. Babu kowa a baya, but ɗin wayam. Muka hau Beltway da rana tsaka, ya sauke gilas har ƙasa duk da sanyin da ake yi, ya fitar da gwiwar hannu, yana ce mini in taka ta ya ji yadda take canja giya. Na taka. Ya ce in ƙara, na ƙara, muna dariya kamar yara. Da muka haye kogi muka kusa inda ake ratsewa zuwa Sterling, na kunna sigina. Ya ji ƙarar ta, ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Kashe ta, Hajiya."

"Ai hanyar gida ce."

"Na sani. Gida na nan, na zauna a cikinsa ya ishe ni. Akwai mai a tanki?"

Na duba na ce a cike yake.

"To miƙe."